Barkonon Mudi

Mudi ya zare karan da yake auna zuma da shi daga cikin tulun, ya duba. Zumar ta sake sauka da kusan yatsa biyu.

Shi ne mai amya mafi suna a ƙauyukan bakin dajin Falgore, kuma mutum ne da ko ƙuda ya sauka a tulunsa sai ya sani. Wannan zumar ta ajiya ce, baƙa mai kauri, a ɗakin hatsi take. Su biyu ne kawai a gidan, shi da matarsa Saude.

Ciwo ne ya ɗaure shi. Wani maruru ya fito masa a gadon baya, inda ido ba ya kai, ya buɗe baki har uku yana zubar da mugunya. Malam Hamman, malamin asibitin En'e da ke zuwa daga Tudun Wada a kan keke duk ranar kasuwa, ya yi ta ɗirka masa allurar fanisilin, ciwon ko gezau. Alhali wannan allurar ce ta tashe shi daga ciwon haƙarƙari shekaru uku da suka wuce. Tun daga lokacin Mudi ya saki kowa ya kama allura. Wanzami ya zo da ƙaho, ya kore shi. Saude ta taɓa buɗe baki za ta ba da shawara, ya rantse duk abin da bai fito daga kwalbar Turawa ba, ba zai taɓa jikinsa ba.

"Malam Mudi, ƙwayar wannan cutar ta saba da allurar," in ji Hamman. "A Kano ma likitoci na kuka da irinta. In ta shiga jini, sai dai wani ikon Allah."

Mudi bai yarda ba. Yaushe cuta ta yi wayon sabawa da magani? Shi dai ya fi zaton yaron nan ruwa yake haɗawa.

A zuwa na gaba Hamman ya shigo da wata kwalba mai ruwan ƙasa, ya ce sabon magani ne na shafawa. Ya nuna wa Saude yadda za ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta shafa, ta rufe da auduga safe da yamma. Mudi ya kwanta rub da ciki aka yi masa, tunda dai daga kwalba ya fito.

Zazzaɓi ya sauka. Warin ya ragu. Sai dai da jiki ya yi sauƙi, ido ya buɗe, kuma abin da ya gani bai yi masa daɗi ba.

Duk ranar da kararrawar keke ta yi ƙara, Saude kan riga sallama isa zaure, da ƙwarya a rufe ƙarƙashin mayafi. Sukan jima suna magana ƙasa-ƙasa. Hamman kan shigo yana goge yatsu da hankici, Saude kuma ba ta iya haɗa ido da mijinta. Ga kiyashi sun yi layi har kan tabarmar Mudi, abin da ya tabbatar masa ɓarawon zumar ba daga nesa yake ba.

An ce zato zunubi. Mudi ya ce ya ji, ya ɗauka. Shekara ashirin da aure, a ce zumar da ya sha harbi a kanta ita ce toshin kwarto? Abin ya ci masa rai fiye da marurun. Ya ƙudura a ransa, ranar da ya kama su, ranar Saude za ta koma gidan iyayenta a Dangora.

Ana gobe kasuwa, da ta tafi rafi, ya lallaɓa ya daka barkono tsiduhu ya yi laushi kamar kwalli. Ya juye a tulun, ya gauraya har ya ɓace. Wanda duk ya lasa, bakinsa zai tona shi.

Washegari da hantsi kararrawa ta yi ƙara. Saude ta shiga ɗakin hatsi, ta fito da ƙwarya, ta nufi zaure. Mudi ya kasa kunne yana jiran tari ko kiran ruwa. Shiru.

Hamman ya shigo da fara'arsa, kwalba cike a hannu. Mudi ya ƙura wa leɓensa ido. Babu kumburi, babu hawaye, ko hanci bai ja ba. To, watau gida zai kai ya sha a natse.

"Alhamdu lillahi, nama ya fara cikowa," in ji Hamman bayan ya ɗaga audugar. "Baki biyu sun rufe. Uwargida, bismillah."

Saude ta durƙusa ta wanke ciwon a hankali, yadda ta saba. Mudi ya kifa fuska a tabarma yana tsara kalmomin sakin da zai furta. Ya ji sanyin maganin ya sauka a bayansa.

Numfashi ɗaya, biyu, sai wuta ta kama. Ya zabura yana birgima kamar wanda ya faɗa gidan rina. Hamman ya kai kwalbar hanci, atishawa ta sarƙe shi. Saude ta dangwali maganin ta ɗora a harshe, nan da nan idonta ya kawo ruwa. Ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, har kunya ta danne masa raɗaɗin.

"Maigida," ta ce, "me ka zuba a zumar da muka yi wata guda muna warkar da kai da ita?"