Ruwan Tsakar Rana

Na leƙa ta katanga neman abin gulma, sai na ga uwar manajan kamfanin rini tana tuttular da ruwan kogi a kwata.

Ranar tseren kwale-kwale ce, ranar da muke ɗebo ruwan kogi da tsakar rana mu wanke yara, don ƙuraje su bar su har shekara. Bana mun tsorata, domin hannayen masu wanki a kogin duk sun tsattsage, ana zargin rinin kamfanin. Uwar manajan ce ta shige gaba da bokiti tana yi mana dariya: "Ku ci jatan lande ya ɓata muku fata, ku ce kogi ne! Ƙazamai!" Muka bi ta. Da hannuna na cuɗe jikata.

Yanzu ga ta tana juye wa nata jikan ruwan gora na kanti a baho.

"Yaya, ashe haka ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Je ki baza, uwar surutu. A ina ɗanki yake aiki, ba a kamfanin ba?"

Na ruga gida, bakina a rufe. Jikata tana zaune a ƙofa, gashinta bai bushe ba, wuyanta jawur.

"Kaka, sosa mini nan."