Harbin Goɗiya da Saifar Gombo

Gombo yana riƙe da ɗan dukushi, matarsa Darima tana durƙushe tana tatsar uwar, don a ƙasarsu ana shan nonon goɗiya, sai wata baƙar goɗiya mai mugun hali ta juyo ta narka masa kofato a haƙarƙarin hagu. Ya zube cikin ciyawa, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci.

Darima ta yar da bokiti ta rugo. Ta yaye rigarsa: ba jini, ba rauni, sai shatin kofato.

"Maigida, tashi mu je asibiti."

Ya yi dariya yana cije leɓe. "Haba Darima! Ni da na sha kayar da ƙarti a filin kokawa, goɗiya ce za ta kwantar da ni? Kin ga jini ne?"

"Ƙartin da ka kayar yanzu jikoki suke reno. Ka tsufa, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Bai saurare ta ba. Lokacin yankan ciyawa ne, kuma duk makiyayin da bai tara ba kafin dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe makiyaya, ya san abin da zai sami garkensa. Ya shafa kitsen jelar tunkiya a wurin, ya ɗaure da ƙyalle, ya sha shayin madara mai gishiri, ya koma aiki.

Washegari kafaɗarsa ta hagu ta kama ciwo. Ya ce kwanciya ce bai yi daidai ba. In ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi, sai ya ce rana ce.

Bayan 'yan kwanaki, ya sunkuya ya ɗaga damin ciyawa, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ciki. Ya durƙushe. Gumi mai sanyi ya karyo masa, leɓɓansa suka yi fari fat. Wannan karon Darima ba ta nemi shawararsa ba. Ta kira maƙwabcinsu Purev, suka ɗora shi a bayan motar kaya, ta ja da kanta har asibitin lardi, tana kiran sunansa a hanya don kada ya yi shiru.

Ana haska cikinsa aka ga jini ya taru. Nan take aka shige da shi ɗakin tiyata.

Da ya farfaɗo, Likita Saran, wadda ta yi masa aikin, ta zauna a bakin gadonsa.

"Yaya Gombo, saifarka ce ta tsage tun ranar da aka harbe ka. Jini ya daskare ya rufe tsagar, shi ya sa ka ga kamar ka warke. Da ka ɗaga kaya sai ta ɓalle."

"Yanzu kun ɗinke ta?"

"Mun cire ta. Da ranar ka zo, wataƙila kwantar da kai kawai za mu yi, muna auna jininka, ta haɗe da kanta. Yawanci haka ake yi. In kuma ta ci gaba da tsiyaya, a babban birni akwai siririn bututu da ake zurawa ta jijiyar cinya a toshe wurin, ba tare da an buɗe ciki ba. Amma kai ka iso jininka ya kusa ƙarewa. Ranka muka zaɓa."

Gombo ya juya fuska bango.

Likitar ta gaya masa mutum yana rayuwa ba saifa, sai dai ita ce ke taya jiki yaƙar wasu cututtuka. Don haka akwai alluran rigakafi da zai karɓa, kuma har ƙarshen rayuwarsa, zazzaɓi ko ƙanƙani ne, asibiti zai nufa a ranar.

Bai ƙarasa yankan ciyawa ba a shekarar. Maƙwabta sun taimaka iyakar ƙarfinsu, duk da haka sanyi ya ci tumaki da yawa a garkensa. Yana zaune gindin murhu yana kallon Darima tana fita cikin ƙanƙara ita kaɗai, abin ya fi ɗinkin cikinsa yi masa zafi.

Amma ya warke. Ciyawa na sake tsirowa ya hau doki, Darima tana tsokanarsa wai ya riƙe linzami da kyau, kayan cikin nasa sun ragu.

A wannan bazarar Purev ya faɗi da babur, kan babur ɗin ya doke shi a ciki. Ya tashi yana kaɗe riga, yana cewa ba komai. Gombo bai yi musu da shi ba. Ya ɗaga tasa rigar ya nuna masa tabon da ya ratsa cikinsa, sannan ya buɗe masa ƙofar mota.

A asibiti aka sami tsaga a saifar Purev. Kwanciya kawai ya yi ana lura da shi, ya dawo gida da saifarsa, ko wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Jama'a, rashin ganin jini a waje ba ya nufin ba ya zuba a ciki. Wanda ya bugu a ciki ko haƙarƙari, musamman in ya ji jiri ko ciwon kafaɗar hagu, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ya je da wuri shi ke samun zaɓin magani.