Allin Mai Ƙwanƙwasa Farfela

Da aka shimfiɗe karyayyiyar farfelar a tsakar masana'anta, alamar allin tsoho mai ƙwanƙwasa farfela tana nan a jikinta. Daga kan injin iska mai ba da lantarki ta tsinko, ta kashe makaniki.

Shekara talatin ke nan tsohon yana bin kowace farfela da 'yar guduma. Inda gam bai kama ba, sautin yakan fito kamar na fankon gwangwani. Sai ya sa wa farfela alli, shaidar lafiyarta ƙalau, ake fitar da ita.

"Baba, akwai rami a cikinta, tsawon hannu," in ji injiniyar da ta zana farfelar.

Ya kafa wa bakinta ido har ta gama.

"Yarinya, tun kina goye nake wannan aiki. Zanenki ne ya sirance, je ki gyara. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya juya zai tafi. Sai ya ga ma'aikatan da ke gabansa sun zabura lokaci ɗaya, wasu sun toshe kunne. Ya waiga. Injiniya tana riƙe da ƙatuwar guduma, gangar ƙarfe tana rawa a gabanta.

Shi bai ji komai ba. Ya zaro allin, ya ajiye a kan farfelar.