Muryar Iya a Gaban Kwamiti

Ibrahimu ya wanke hannu da fetur, ya sake wankewa da sabulu, amma baƙin man gareji ya ƙi fita daga farcensa. Haka ya zura farar jallabiya ya baro Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji a Khartum, ya nufi jami'a. Yau kwamitin bincike zai saurari ƙararsa.

Tun da Iya ta rasu kifi bai ƙara wuce masa maƙogwaro ba. Da suyar kifi ta raine shi a Jabal Awliya, gab da dam, inda Farin Nil ke kwanciya kamar ya gaji da tafiya. Shi ne ɗan farinta, don haka sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Yana ƙarami “kai yaro” ne, da ya girma ya koma “mai gareji”. A da abin yakan ba shi haushi. Sai da aka rufe ta ya gane kunyar nan ita ce irin son da ta iya.

Wanda yake ƙara shi ne Dakta Mahmud, malamin jami'a da wata ƙungiyar ƙasar waje ta ba tallafi don ya gwada sabon maganin hawan jini. Masu tallafin sun kafa sharaɗi: ba a sa kowa cikin gwaji sai da yardarsa, da harshensa. Wanda bai iya rubutu ba, a ɗauki muryarsa a ajiye.

Iya kuwa a gaban Ibrahimu ta ƙi shiga gwajin. Tana juya kifi a mai ta ce, “Ba a kaina za su koyi aski ba.” Amma bayan ƙodarta ta tsaya, sai ga kwalbar magani a ƙarƙashin filonta, babu suna a jiki sai lambar gwaji.

A ƙofar jami'a, gindin bishiyar maina, Tasnim na jiransa wajen wata mata mai shayi. Ita ce zai aura bayan sallah. 'Yar Umdurman ce, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, amma ita ce tafintar aikin Dakta. Ita ke ɗaukar Iya a raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa awon jini, ita ta riƙe butar ruwa ranar wankan gawa. Ranar da aka ɗauki sunayen masu gwaji, ta ce masa, tana gida da zazzaɓi.

“Barhum, ka karya kuwa?”

Duk Khartum ita kaɗai ke kiransa haka. Wani a gareji ya taɓa gwadawa, da ƙyar aka ƙwace sifana daga hannun Ibrahimu.

Da ta ga ya ƙi ko ɗaga kofi, sai ta rage murya ta kwaikwayi mai shayin, da dishewar maƙogwaronta da tarinta: “Ya zol, bawan Allah, shayina ba na kallo ba ne.” Har mai shayin sai da ta waiwayo. Ya yi murmushi, na farko tun ranar jana'iza.

“Malesh, yi haƙuri, habibi,” ta ce a hankali. “Ka janye. Ka bar wa Allah. Ƙara ba ta tada wanda ya kwanta.”

“Ba tada ta nake so ba. So nake Dakta ya faɗa da bakinsa cewa bai tambaye ta ba.”

Ɗakin kwamiti da sanyi kamar cikin randa. Dattawa a jere, kowa da tabarau. Dakta Mahmud ya rame, ba kamar yadda Ibrahimu ya ajiye shi a zuciya ba. Shugaban kwamiti ya yi bayani da Larabci: idan babu shaidar yardar marigayiya, za a dakatar da tallafin, a sanar da masu shi, Dakta kuma ya bar jami'a.

Dakta ya miƙe. Ya ce nauyin duk wanda ya shiga aikin nan a wuyansa yake, ba ya gudu. Shi dai ba ya jin Hausa, amma bai taɓa sakin ƙwaya ɗaya ba sai ma'aikatansa sun kawo masa muryar mai ita. Ya ajiye 'yar na'ura a kan tebur.

Aka ce Tasnim ta fassara. Ta ce kanta na ciwo. Aka ce ba komai, ta daure.

Dakta ya danna na'urar.

“Ni ce Hajara mai kifi, ta Jabal Awliya...”

Ga jan numfashin nan na Iya, ga tarin hayaƙin itace a tsakiyar magana. Ƙamshin mai da albasa ya cika wa Ibrahimu hanci a ɗakin da babu murhu. Ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin farce, yana kuka kamar yaron da ya ɓace a kasuwar Suk al-Shabi aka tsinto shi.

“An yi min bayanin maganin. Na ji, na yarda.”

Tasnim tana fassarawa, idonta a ƙasa. Shugaban ya gyaɗa kai. Ibrahimu ya ji kunya ta lulluɓe shi. Ashe Iya ta sake shawara ba ta gaya masa ba, shi kuwa ya tashi zai raba bawan Allah da aikinsa. Ya ɗago zai nemi gafara.

Tasnim ta miƙa hannu ga na'urar da sauri. “Khalas, ya ƙare.”

“Saura kaɗan,” in ji Dakta. “Doka ta ce sai ta faɗi wanda za a kira in wani abu ya faru.”

Aka ji tari a na'urar. Sannan muryar matar da ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba ta ce, a sake, kamar bakin da ya saba: “In wani abu ya same ni, ku kira ɗana, Barhum.” Ibrahimu ya juya ya dubi Tasnim.