Maginin da ya koma ɗaukar darasi

Tunda ka ce ka girmi tambaya, zauna ka ji labarin wani magini. Shekara talatin yana gini, da ido kawai yake duban fili ya faɗi inda za a fasa taga iska ta ratsa ɗaki. Sai kamfaninsu ya kafa sharaɗi: ba mai sake shugabantar aiki sai wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa kan ginin da ba ya ɓarnar ruwa da lantarki. Gogan naka ya shiga yana taƙama, ko littafin bai buɗe ba. Aka tambaye shi lita nawa ta ruwan sama rufin kwano mai faɗi kaza zai tara a shekara, ya rubuta, "Ya danganta da yadda Allah Ya kawo damina." Ba ƙarya ya yi ba, amma ya sha ƙasa. Zama ɗaya ya rage masa, bayan wata uku. In ya sake faɗuwa, zai koma karɓar umarni a inda ya saba bayarwa.

Wadda ta iya wannan lissafi a kamfanin kuwa wata injiniya ce, sa'ar 'yarsa, wadda ya taɓa gwasalewa a gaban leburori. Kwana uku yana zuwa ƙofar ofishinta yana juyawa, kunya da girman kai na cinsa. A rana ta huɗu ya daure ya yi sallama, ya ce, "Injiniya, na zo a koya mini." Ta ce, "Bismillah, Baba, ga kujera." Tun daga ranar, kullum bayan la'asar yana gabanta da littafin rubutu, yatsunsa da siminti ya cinye suna danna lamba biyu a lokaci guda a kan na'urar lissafi. Leburori suka yi ta gulma, bai fasa ko sau ɗaya ba. Abin da bai gane ba sai ya sa a maimaita masa har sau biyar, sannan ya hau rufi da igiyar awo ya gwada da hannunsa. Da sakamako ya fito ya ci, kuma da aka fara sabon gini shi ne a tsaye a bakin tushe, kowa na jiran ya ce a haƙa.

Kai ma tashi ka je ka tambaya. Hausawa sun ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.