Dodon da Tani Ta Zana

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta.

A shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano, dokar hana fita ta tsare mutane a gida. Isyaku, malamin firamare a unguwar Kabuga, sai ya ƙirƙiro wa 'yarsa Tani wasan kati. Kowane kati da irin dodonsa, kuma ba a shigar da sabon dodo sai an amsa tambaya huɗu: gidansa, abincinsa, kukansa, da abin da yake tsoro.

Wata Talata da hantsi, mutum uku masu rufe da fuska suka fitar da Isyaku daga zaure. Tani kaɗai ta gani, tana bayan randa. Daga ranar ba ta sake magana ba.

Jummai, uwarta, ta zaga ofishin 'yan sanda da bariki da asibiti har takalminta ya tsinke. Babu labari. Wan mijinta, Ashafa, wanda Tani ke kira Baffa, kullum sai ya rufe rumfarsa a Ƙofar Wambai ya zo, ya yi gyaran murya a ƙofa, ya yi sallama, ya zauna yana ɓantarar goro.

"Ki yi haƙuri, zamanin ne," in ji shi. "Yarinyar ta ce wani abu?"

"Ko uffan, Yaya."

Rana ta tara, hawayen Jummai ya ƙare, dabara ma ta ƙare. Ta ɗauko katin da ba a zana komai a kai ba, ta ajiye gaban Tani.

"Zo mu yi dodon da ya shigo zaure. Ina gidansa?"

Tani ta daɗe tana kallon katin. Can ta ɗauki fensir.

"Ɗaki mai rigunan awaki da yawa," ta ce a hankali, "amma babu awakin."

Jummai ta matso kusa da ita. "Me yake ci?"

"Ba ya cin mutane, Umma. Ɓoye su yake yi. Bakinsa ja ne."

"Kukansa fa?"

Tani ta yi ɗan tari sau biyu, gajere da dogo.

"To me yake tsoro?"

"Ni. Kullum sai ya zo ya duba ko na yi magana."

Jummai ba ta kai ga buɗe baki ba, sai ga gyaran murya daga ƙofa, gajere da dogo. Warin jimar fata ya riga mai shi shigowa. Tani ta kife katin, ta koma bayan randa, yayin da Baffa Ashafa, dillalin fatu, ya yi sallama da jan bakinsa na goro.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone, nawa ya tsira.