Ba Tari, Ba Dariya

Sau bakwai mai walda ya saurari saƙon. A na takwas ya kashe inji, ya zaɓo rodi mai kauri daga cikin tarin ƙarafa.

Muryar Auta ce, ƙanwarsa da ya yi rainonta tun rasuwar iyayensu. Amma wallahi ba Auta ba ce. Kullum da safe takan turo masa saƙon murya, ta fara da "Kai, Baƙin Tukunya!", ta yi ta dariya har tarin nan nata ya sarƙe ta, murya a dishe kamar ta tsohon zakara. Yau sati uku ke nan sai rubutu. In ya kira, ba a ɗauka. Da ya matsa lamba, sai ga wannan: "Yaya, ina lafiya. Kada ka zo." Sumul, ba tari, ba dariya, ko numfashi babu.

Ai shi ba yaro ba ne. Ya san yanzu akwai manhajar da ake ɗura wa tsofaffin saƙonnin mutum, ta riƙa magana da bakinsa. To wa ke kusa da wayar Auta in ba mijinta ba, telan nan mai sanyin baki? Dama can shi bai taɓa yarda da namijin da ba ya ɗaga murya ba. Ga shi shekaranjiya wani ya ce ya ga telan a kantin magani yana sayen bandeji da auduga himili guda.

Rana na tsaka ya isa gidan. A kwandon sharar bakin ƙofa ya ga auduga jage-jage da jini. Tsoro ya fara kama shi, sannan idonsa ya rufe. Da ƙafa ya ɓalle ƙofar.

Telan na tsakiyar falo, riƙe da kofin madara da wani ƙaton sirinji.

"Ina take?" in ji mai walda.

"Yaya, ka zauna tukuna. Na yi mata rantsuwa ba zan..."

Rodi ya sauka a kafaɗarsa, madara ta fantsama a bango. Telan ya ɗaga hannun dama zai kare fuska, na biyu ya same shi a tsintsiyar hannu, ƙashi ya ce ƙas kamar busasshen kara. Ya zube a gindin keken ɗinkinsa. Bai yi ihu ba. Hannun rigarsa ya ciza, idonsa na kan ƙofar ɗaki.

"Don Allah a hankali," ya ce da ƙyar, "kada ta ji."

Wannan munafuncin ya ƙara tunzura mai walda. Ya take masa ƙirji, ya saita rodin daidai kansa.

Wani takalmi ya faɗo masa a ƙeya.

Ya waiga. Auta ce dafe da ƙofa, ta rame kamar a hure ta, mayafi naɗe a wuyanta. Ta buɗe baki iya ƙarfinta, ba abin da ya fito sai iska. Sai ta ɗago wayarta, hawaye na ɗiga kan gilashin, ta yi rubutu ta danna.

Muryar nan ta fito, sumul, ba tari, ba dariya: "Baƙin Tukunya, likitoci sun cire mini maƙogwaro, ni na hana shi gaya maka, kuma hannun da ka karya shi ke ba ni abinci."